Tsoho ya sake fitowa, na yi sati biyu ina jin sababbin kayansa

Sati biyu ke nan fulash ɗin nan na aljihuna. Na kwafe kayan a waya, na ji su da iyafis a cikin keke daga Kawo zuwa kasuwa, na ji su a sifikar ɗaki da daddare, har motar wani abokina na shiga na ce ya ɗaga gilas don kawai in ji yadda bes ɗin ke zama, shi kuma yana ta min kallon wanda ya fara taɓuwa. Abu uku ne Tsoho ya saki kusan lokaci guda: kaset ɗin zallan kiɗa mai bit tara babu murya ko ɗaya, sai waƙoƙi biyar da ya yi da wasu yara biyu, sai kuma waƙa guda da wata yarinya. Na ce kaset ne don haka bakinsa ya saba faɗa, amma babu wani kaset, fayil ne kawai.

Duk wanda ya yi zamanin rap a garin nan na Kaduna wajen 2003 zuwa 2010 ya san wa nake nufi, ba sai na kama suna ba, shi ma ya ce kar in kama. Yanzu magidanci ne, yana da shagon gyaran sifika da amfilifaya, 'yarsa ta fari ma an kusa kawo kuɗin gaisuwa, to ka ga ba ya son surukai su buɗe waya su ga ana ce masa furodusan rap. Mu dai Tsoho muke ce masa tun ba shi da furfura ko ɗaya. Lokacin muna sakandare ɗakinsa ne makarantarmu ta biyu, ɗaki ciki ɗaya da aka liƙe bangon da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa, makirfo ɗaya an ɗaura masa safa a gaba, yaran Tudun Wada da na Barnawa da na Unguwar Rimi kowa ya zo da littafinsa na baiti yana jiran layi, in aka ɗauke wuta a haɗa kuɗin mai, wanda ba shi da ko sisi shi ne zai je siyowa a galan. Ni ban taɓa zama mawaƙi ba, sau ɗaya na shiga gaban makirfon nan na yi layi huɗu ya tsayar da kiɗa ya ce ƙanena kai dai ka riƙe karatu. Na riƙe ɗin kuwa.

Da na je karɓar kayan na same shi a bayan shago ya buɗe cikin wata amfilifaya. Na ce Yaya ashe dai ba a daina ba. Ya ce wa ya ce maka an daina, mai ne ya yi tsada. Kuma gaskiyarsa ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tada janareto awa uku don a ɗauki murya ya zama lissafi, shi ya sa ya ce yawancin aikin nan da asuba ya yi shi in an kawo wuta, bayan an dawo masallaci kafin ya buɗe shago.

Bari in fara da zallan kiɗan don nan ne zuciyata ta fi zama.

Har yau mutumin nan da MPC 2000 yake aiki, na'urar Akai ɗin nan da ta fito tun 1997 mai madannai goma sha shida, huɗu-huɗu, wadda ake adana sauti a filofi. Ta hannu ya saye ta tun da can, madanni biyu sun mutu ya gyara da kansa. Yana da laftof, ya iya manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio tun ana ce mata FruityLoops kafin a canza mata suna a 2003, amma ita a wajensa ta haɗa aiki ce kawai a ƙarshe. Ganga da yatsa yake buga ta, kuma ba ya barin na'ura ta jera masa bugun daidai-wa-daida, shi ya sa in ka kasa kunne za ka ji tas ɗin, wato bugun gangar mai kaifi, na ɗan makara kaɗan, kamar mai tafiya yana jan silifas. Yaran yanzu da suka saba jera komai da linzami a kan layi za su ce kuskure ne. Ba kuskure ba ne, wannan ɗan jinkirin shi ke sa wuyanka ya fara kaɗawa ba ka sani ba.

Saurin kiɗan duk yana wajen bugu 88 zuwa 94 a minti, irin na tsohon salon Niyok, dum da tas masu nauyi, ba irin na tirap ɗin Atlanta da ke gudu wajen 140 da ƙananan bugu kamar ana yayyafi a kan kwano ba. Amma abin da ya ɗora a kai namu ne. Bit na biyu kalangu ne ya yanka gutsi-gutsi ya baza a madannai ya sake jerawa, kuma a nan na gane bambancin wanda ya san kiɗa da wanda ya sauke fakitin sauti a intanet. Kalangu ai magana yake yi, mai kiɗa na matse tsirkiya a hammata ya saki, murya ta hau ta sauka yadda harshe ke hawa da sauka, shi ya sa mahauci ko ɗan dambe ke jin takensa daga nesa ya san da shi ake. Da yawa in suka sa kalangu a bit sai su ɗauki bugu ɗaya su yi ta maimaitawa kamar ƙararrawar mai tallan alawa, su kashe masa baki. Tsoho bai yi haka ba, ya bar jimlar kalangun ta kai inda za ta kai, sai ya sa tas ɗinsa daidai inda mai kalangun ya ja numfashi. Na maimaita bit ɗin nan ya fi sau talatin wallahi.

Na huɗu kukuma ce aka rage mata sauri har ta yi kauri ta koma kamar goge, da ƙurar tsohon kaset a ƙarƙashi shuuu, bai goge ƙurar ba da gangan. Na shida ya fara da ƙahon jirgin ƙasa, ya ce a Rigasa ya naɗa da waya ranar da ya raka wani tasha, ya mayar da ƙahon ya zama shi ne bes. Wayo ne mai kyau amma ya yi tsawo, minti huɗu da rabi babu wani canji, a minti na uku na fara duba saƙonni. Na bakwai da na takwas kuwa cike gurbi ne, in ka ji su ka ji su, irin abin da yake iya haɗawa yana hira ne. Na tara zan dawo kansa.

To ga abin da nake ta son in faɗa tun ɗazu. Kiɗan Tsoho yana da fili, kuma filin nan daidai bakin Hausa aka yanka shi. Hausa ba a cusa ta a kiɗa yadda aka ga dama, tana da doguwar gaɓa da gajera, tana da hawa da sauka, in ka taɓa ɗaya ka canza magana. Gari na zama daban, garin tuwo daban, a rubuce ɗaya ne amma jan wasalin ya raba su. Wuya na jiki da wuya ta rayuwa, kuka ta miya da kuka na hawaye, duk karin murya ne ke raba su. Marubuta waƙa na da sun san wannan, shi ya sa suke auna gaɓa kafin su ajiye kalma, makaɗan baka kuma kunnensu ya riga ya sani ba sai an koya musu ba. Matsalar yawancin rap ɗin Hausa da nake ji yanzu ita ce yaro ya haddace tafiyar wani mawaƙin Amurka ko na Landan, sai ya ɗebo kalmomin Hausa ya dinga turawa a ramukan, wadda ta yi tsawo ya datse ta, wadda ta gajarta ya ja ta, amsa-amo dai ya fito ko ma'ana ta mutu. A kan kiɗa mai gudu da surutu ba a cika ganewa ba. A kan kiɗan Tsoho babu wajen ɓuya, komai a fili yake kamar tsakar gida da rana.

Shi ya sa waƙoƙi biyar ɗin nan suka rabu biyu a kunnena. Yaran biyu ne, ɗaya ɗan Rigasa ɗaya ɗan Sabon Tasha, dukansu ba su wuce ashirin da biyu ba. Duk ɗan Kaduna ya san abin da haɗa unguwannin nan biyu a waƙa ɗaya ke nufi, tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna da ke tsakaninsu ya zama kamar iyaka, akwai yaran da aka haifa bayan nan da ba su taɓa kwana a ɗaya tsallaken ba. Abin da ya burge ni shi ne ba su yi waƙar mu haɗa kai mu zauna lafiya irin ta taron ƙungiyoyi ba, ko sau ɗaya ba su yi wa kowa wa'azi ba, kawai dai suna waƙa tare kamar ba komai, ɗaya na Hausa zalla ɗaya na cakuɗa Hausa da burokin, kuma hakan ya fi min duk wani jawabi.

Ta ukun ita ce waƙar. In ba za ka ji komai ba a cikin kayan nan ka ji ta uku. Ɗan Sabon Tasha ne ya ɗauki baiti biyu yana ba da labarin kakansa da ya yi aiki a masaƙa a Kakuri, yadda jiniyar canjin aiki ke tada unguwa, yadda masu abinci ke jere a ƙofa, kekuna kamar fara, sannan ranar da aka rufe ƙofa aka ce a dawo a ji, tsohon ya ajiye katin aikinsa a cikin leda a ƙasan akwati har ya rasu. Masaƙar farko a Kakuri tun 1957 aka buɗe ta, ta tsaya a 2002, wannan yaron ko dai yana goye ko ba a haife shi ba, amma ya ba da labarin kamar ya gani. Kuma Hausarsa ta 'yan Sabo ce, ba ya bambanta namiji da mace a wasu wurare, ƙa ɗinsa ka ce, amma karin muryarsa daidai yake, kowace kalma ta faɗi inda ya kamata, don ya saurari kiɗan kafin ya rubuta. Tsoho kuma ya yi abin da na san shi da shi: a layi huɗu na ƙarshe ya cire ganga gaba ɗaya ya bar murya da wani ƙaramin sauti kwas kwas kwas kamar na injin saƙa. A cikin keke na fara jin wajen nan, daidai gada, sai da na cire iyafis ɗaya na kalli ruwa na ɗan wani lokaci.

Ɗan Rigasa kuwa ya fi shi murya nesa ba kusa ba, murya mai yashi, in ya buɗe baki sai ka juyo. Hausarsa ce ta gado, ya san karin magana, a ta biyu ya jero habaici har sai da na yi dariya ni kaɗai. Amma shi ne mai cutar da na faɗa. Kunnensa cike yake da salon rap ɗin da ake ce wa diril, yana so ya yi gudu a inda kiɗa ke tafiya a ƙasa, sai ya dinga cusa kalma goma sha biyu a gurbin bakwai. A waƙar farko akwai inda yake kirarin garinsu, don amsa-amo ya zauna sai ya ja ga ɗin, gaaarinmu, to malam ka mayar da Kaduna garin masara ke nan. Ba sau ɗaya ba, a amshi ne, sau shida ana maimaitawa. Na yi mamaki da Tsoho ya bari ta wuce, mutumin da ya taɓa sa wani ya maimaita layi ɗaya sau ashirin a gabana saboda kalma guda. Da na tambaye shi sai ya ce yaron daga aikin tayil yake zuwa a gajiye, kuma wuta ta kusa tafiya. Na gane, amma kunne ba ya jin uzuri.

Ta huɗu waƙar zagi ce ga wasu da ba a ambata ba, ku ba ku iya ba mu ne asali, ku 'yan otocun ne, da sauransu. Na gaji da irin wannan tun 2008. Kuma na san ba bakin yaran ba ne, bakin Tsoho ne aka ba su aro, don shi ne har gobe yake ganin duk wanda ya sa otocun, wato manhajar gyaran murya, ya ci amanar sana'a. Yaya ka yi haƙuri, yaran da kake zagi su ne ake ji a gidan biki daga Malali har Narayi, wasunsu kuma sun iya rubutu ƙwarai, gyaran murya bai hana su iyawa ba. Ta biyar ba laifi, ba yabo ba fallasa.

Sai ita yarinyar. Ban san ta ba, ya ce ɗaliba ce, da yayanta take zuwa ya zauna a bakin ƙofa har a gama. Kiɗan ƙwarya ya yi mata, irin wanda mata ke yi a cikin gida, ƙwarya a kife a kan ruwa a baho, wannan dum ɗin mai laushi shi ya zama ƙasan kiɗan maimakon 808 da kowa ke sawa. Af, 808 ɗin ma da yara ke kira kamar sabon abu, sunan wata na'urar ganga ce ta Roland da ta fito tun 1980, ta girmi iyayen wasunsu. Ita dai ba ta ɗaga murya ba, kamar tana hira da ƙawarta a kan tabarma, tana lissafa abin da ake tambayar budurwa a gidan suna, yaushe za a sha biki, wa ke zuwa, karatun nan ba ya ƙarewa ne, kowace tambaya ta ba ta amsa a layi na gaba cikin ladabi mai yanka. Baiti ɗaya ne dogo, ya fi layi goma sha shida da aka saba, babu amshi ma, minti biyu da 'yan daƙiƙu ta gama ta yi shiru. Na tura wa ƙanwata, bayan minti biyar ta kira ni tana cewa Yaya wace ce wannan, a ina take. Rauninta ɗaya, numfashi, akwai wurare biyu da ƙarshen layi ya shige ciki don iska ta ƙare mata, wannan kuwa yawan yi ne ke gyara shi.

Yanzu laifin Tsoho na kansa, don ba zan yi ta yabo ba kamar maroƙi. Miksin ɗin, wato yadda ya daidaita murya da kiɗa, na masu manyan sifika ne. A mota ya yi daɗi, a sifikar ɗaki ya yi daɗi, amma a bakin waya, inda mutum tara cikin goma za su ji shi, bes ɗin ɓacewa yake yi gaba ɗaya, muryar ɗan Sabon Tasha kuma ta nutse a ƙarƙashin tas. Mai gyaran amfilifaya ne, kunnensa ya saba da katako da mazugi, ya manta cewa yanzu a majalisa waya ake ajiyewa a kan benci. Sannan shimfiɗarsa ta yi tsawo, sai a yi daƙiƙa arba'in ba a fara magana ba, a zamanin da yaro ke wuce bidiyo a TikTok kafin ka ƙirga uku. Ni ina son hakan, amma ni na kusa arba'in.

Ga kuma batun fitarwa, wanda shi ne ya fi ba ni haushi. An ɗora biyar ɗin a Audiomack da hoton da ko suna ba a gani sosai, zallan kiɗan ko ɗorawa ba a yi ba, sai dai a tura maka ta Xender ko WhatsApp, fayil ɗin ma sunansa wani abu kamar na huɗu gyararre na ƙarshe 2. Ko wajen masu tura waƙa a kasuwa bai kai ba. Na ce Yaya ko ɗan bidiyo na daƙiƙa talatin a yi wa ta ukun nan a Kakuri, ya ce mai nema zai samu. Wannan maganar ta yi aiki lokacin da muke bin kaset unguwa-unguwa, yanzu ba mai nema, kaya ne ke bin mutane har gado.

Akwai kuma abin da na daɗe ina tunani game da yanke-yanken nan. Kalangun da kukumar daga tsofaffin kaset ya ciro su, wasu mutane ne suka buga su da hannunsu, da yawa sun rasu, 'ya'yansu na nan. Tun da aka fara harkar nan a unguwar Bronx ta Niyok a 1973 da faifan wasu ake yin ta, DJ Kool Herc ma wajen gangar faifai yake maimaitawa mutane na rawa, ba a kan Tsoho aka fara ba. Kuma yanzu ba kuɗi ake samu ba balle a ce a raba. Amma aƙalla a rubuta sunan mai kiɗan a ƙasa, yaro ya san daga inda aka ɗebo, wataƙila ya je ya nemi asalin. Da na faɗa masa ya yi shiru, ya ce rabin kaset ɗin ba su da takarda, a buhu ya saye su. Sauran rabin fa, na ce. Ya ci gaba da kwance dunƙulen wayarsa.

Bit na tara shi ne wanda bai ba kowa ba. Gurmi ne shi kaɗai da ganga a can ƙasa, a hankali, wajen bugu 80, da wata murya ta tsoho da aka yanko tana faɗin kalma ɗaya da na kasa kamawa duk da na mayar ya fi a ƙirga. Duka yaran biyu sun roƙa ya hana, ya ce ba su kai ba tukun. Ni a raina yarinyar nan ce ta dace da shi, kuma na faɗa masa, ya ce sai ta gama jarrabawa a gani. Ran Asabar zan mayar masa da fulash ɗinsa don ya kira sau biyu yana tambaya, wai akwai hotunan bikin ƙaninsa a ciki.